Hancin da Inna Ta Ja

A gidanmu babu mai hanci. Muna numfashi dai kamar kowa, amma abin da muke numfashin da shi bai kai a kira shi hanci a gaban baƙi ba. Ɗan tudu ne da ƙofofi biyu a tsakiyar fuska, kamar an ɗora malmalar tuwo an danna ta da babban yatsa. Haka na Inna mahaifiyata yake, haka na ƙaninta Kawu, haka na yayyena maza da mata. Mahaifinmu ma, Allah ya jiƙansa, da ya shigo zuriyar bai zo da wani gyara ba. Sai ni auta na fito da hanci har baka, siriri, miƙaƙƙe. In na shiga kasuwar Makarfi masu tallan nono da Fillanci suke gaishe ni, in tsaya ina washe baki ban san abin da suka ce ba.

Inna ta ce aikinta ne. Ungozoma ce, ita ke karɓar haihuwa a ƙauyenmu da ke gefen Dandamisa, amma a kan yankan cibi da wankan jego tana da wata sana'a da ta fi alfahari da ita, wato jan hanci. Kullum da safe, tun daga ranar suna har a yi arba'in, za ta zauna gaban kaskon garwashi da jariri a cinya, ta ɗumama tsumma ta gasa masa karan hanci, ta lakato man kaɗe, ta kama hancin da yatsu biyu, ta yi bisimilla ta ja shi ƙasa a hankali. In ka tambaye ta me ya hana yayyena samu, sai ta ce lokacin hannunta bai nuna ba, a kansu ta koya. Akwai masu raɗe-raɗin cewa kakar mahaifinmu Bafillatana ce, hancinta ne ya tsallake kowa ya faɗo kaina. Inna ta ce hassada ce, kuma hassada ga mai rabo taki ce.

Ni ne shaidarta. Tsofaffi kan zo daga Nasarawan Doya, har daga wajen Saulawa ta ƙasar Ikara, su koyi kamun yatsa su karɓi mai su koma su ja wa jikokinsu. In ta ga baƙuwa tana kallon nata hancin da alamar shakka, sai ta ɗaga murya.

"Auta! Zo ka gaida baƙi."

In zo in durƙusa in gaishe su.

"Tashi. Juya gefe."

Ina da gemu, ina da mata a ɗaki, amma haka zan juya gefe in tsaya tsofaffi suna salati. Yanzu da na daɗe a duniya, na ga jariran da Inna ta ja wa hanci sun girma har sun yi jikoki. Wanda Allah ya nufa da tsawo ya yi tsawo, wanda bai nufa ba yana nan a baje yadda aka haife shi. Ban dai taɓa ganin wanda gashin ya cutar ba, sun ma fi sauran jarirai barci.

Ni kuwa wajen hancin bai dame ni ba, cikinsa ne abincina. Kawu yana da injin matse rake a bakin fadama, irin wanda doki ke ja. Wata doguwar sanda ce mai kauri a saman injin, a ɗaura doki a ƙarshenta ya yi ta zagaye, ana cusa rake ruwan na tsiyaya. Daga nan sai babban kasko a kan wuta, inda ake dafa ruwan har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Ni ne a bakin kaskon. Sirrin aikin duk yana ga lokacin saukewa: ka yi gaggawa ta ƙi daskarewa, ka yi nawa ta ƙone ta yi ɗaci. Wasu masu dahuwa da ido suke ganewa, wasu su ɗiga a ruwan sanyi su taɓa. Ni ban koyi ko ɗaya ba, don ban taɓa buƙata ba. Akwai wani ƙamshi da ke tashi tsakanin na ɗanyen rake da ƙauri, ba ya daɗewa, da ya bugi hancina sai in ce a janye wuta. Dillalai daga Kudan kan wuce injuna da yawa su zo namu, kuma ba don kyawun fuskar Kawu suke zuwa ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, tutocin da aka raba wa 'yan makaranta ma ba su gama koɗewa ba, Kawu ya ce tunda ƙasa ta yi sabon shugaba shi ma injinsa zai yi sabon doki. Tsohon dokinmu ya tsufa har yakan yi gyangyaɗi yana tafiya. Shekara da shekaru jikina ya saba da tafiyarsa, na san in sandar ta wuce kaina ina da sararin da zan sunkuya in ɗauki abu, in miƙe, har in yi miƙa kafin ta dawo. Sabon dokin kuwa saurayi ne, bai san wannan yarjejeniya ba. Ranar farko da aka ɗaura shi, a farkon kakar rake, ludayina ya faɗi kusa da inji. Na bari sandar ta wuce, na sunkuya na ɗauka, na miƙe da natsuwata irin ta da. Abin da na sani kawai shi ne na ji ƙas a tsakiyar fuskata, sai ga ni kwance cikin tuƙar rake ina kallon sama, jini na bin kunnuwana.

Aka ɗauko ni ranga-ranga zuwa gida. Matata ta fito tana kuka tana tambayar ko da rai. Inna ta ture ta, ta sunkuyo ta leƙa fuskata. Ba ta ce sannu ba.

"Wa ya taɓa mini aikina?" in ji ta.

Da kumburin ya fara sauka sai ɓarnar ta bayyana. Hancin ya bar tsakiyar fuska ya karkata hagu, kamar mai leƙen abin da ke faruwa a bayan kunne. Wannan bai tayar mini da hankali ba kamar abin da na gano da aka kawo mini tuwo da miyar kuka: ban ji ƙamshin daddawa ba. Na kai kwanon har bakin hancina, shiru. Ƙofofin biyu sun toshe, numfashi sai ta baki, abinci duk ya zama ɗaya a harshena. Na kuwa san mai dahuwar da ba ya jin ƙamshi sunansa mai ƙona rake.

Inna ta ce in kwantar da hankalina, wanda ya gina ɗaki shi ya san yadda zai tayar da shi. Washegari ta hura garwashi ta kira ni. Tunda cinyarta ba za ta ɗauke ni ba, sai na zauna a ƙasa na jingina kaina da gwiwarta, ta gasa, ta shafa, ta kama ta ja. Na yi ƙara har kaji suka watse. Ta ce ko ina jariri ban yi mata wannan rakin ba.

Da ta ga man kaɗe bai ratsa ba, sai ta ce ƙashin babba sai mai na manya. Ta shiga haɗi. Ta samo tsohon man shanu da ya shekara a tulu, ta daka tafarnuwa, ta sa aka nemo mata kitsen mesa a wurin wani maharbi, ta ƙara da wasu abubuwa da ta ce ba a faɗa. Ta zuba a wani ɗan kwano mai murfi, kullum da safe ta lafta mini, ta ce kada in wanke sai gobe. Tun daga lokacin na lura mutane sun ƙara girmama ni. A masallaci sai a bar mini fili dama da hagu, liman ya yi ta cewa a haɗa sahu ba mai matsowa. Na ɗauka tsoron kada a bugar mini ciwo ne, har na ji daɗi a raina. Matata kuma ta kamu da wata mura da ba ta warkewa, kullum bakin mayafi na kan hancinta.

Masu ba da shawara ba su bar ni ba. Kawu ya zo dubiya, ya karkata kai ya daɗe yana nazarin fuskata.

"Ɗan nan, ni a ganina abin mai sauƙi ne. Ta dama sandar ta same ka, ko? To gobe ka zo ka tsaya, ka juyo mata hagu."

Wanzamin ƙauyenmu ya ce mataccen jini ne ya taru, sai an kafa ƙaho an zuƙe. Ya ɗora ƙahon a kan hanci ya zuƙa, ya faɗo. Ya sake, ya faɗo. Da ya gaji sai ya kafa mini shi a goshi, ya ce ai maƙwabta ne. Da wannan bai yi ba, ya zaro ƙarfen da yake cire beli da shi, ya ce bari ya shiga ta ciki ya ga abin da ya tare hanya. Allah ya sa Inna na kusa da muciya a hannu. Har ya bar duniya bai sake bi ta ƙofar gidanmu ba sai da sauri.

Na saci jiki ran kasuwa na je ɗakin shan magani a Makarfi. Malamin asibitin ya haska tocila a hancina yana kau da kai gefe. Ya ce bangon da ya raba ƙofofin biyu ne ya lanƙwashe ya toshe hanya, kuma ƙashin ya riga ya kama a karkace. Ya ce ba maganin sha, ba na shafawa, sai dai in je babban asibiti a Zariya a yi aiki. Na ce wane irin aiki? Ya ce na wuƙa.

Da na gaya wa Inna, sai ta ajiye tsumman da ke hannunta.

"Wuƙa? A hancin da na ja? Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Ka tafi a yanka, gobe duk garin nan a ce hannuna ya mutu, ɗan cikina ma sai da Bature ya gyara."

Ba zubewar sunanta kaɗai take tsoro ba. A lokacin ana ta labarin cewa a asibiti shaƙa wa mutum wani abu ake yi ya yi barci, kuma ba kowa ke tashi ba. Ni kaina ina jin wannan tsoron. Saboda haka na koma na jingina kai da gwiwarta, muka ci gaba da gashi.

A bakin kasko kuwa abin ya lalace. Na gwada ganewa da ido, hayaƙi ya shiga bakina da ke buɗe, na yi ta tari ina hawaye. Ranar farko na sauke da wuri, mazarƙwailar ta ƙi daskarewa, aka yi ta lasa da yatsa. Na ce to gobe zan ƙara haƙuri. Na ƙara haƙuri har masu cusa rake suka fara ihun ƙauri, ni ina tsaye a kan kaskon ina juyawa hankali kwance. Abin da ya fito baƙi ƙirin, ko awaki sun ƙi shi. Aka yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har wani dillali ya ɗanɗana ya tofar, ya tambayi Kawu ko ya koma sana'ar gawayi.

Rannan Kawu ya ja ni gefe. Bai yi wasa ba, kuma na fi son wasansa.

"Ɗan nan, raken mutane ne a hannuna. Na yi magana da wani mai dahuwa a Kudan. In hancinka bai buɗe ba kafin a sare raken tsallaken rafi, zan kawo shi. Kai kuma ba zan kore ka ba, ka riƙa bin doki."

Bin doki aikin yara ne, ka riƙe tsumagiya kana zagaye a bayansa kana kaucewa kashinsa. Kuma dokin da ya ɓata mini rayuwa. Na dawo gida ban iya cin tuwo ba.

Kwana kaɗan bayan haka, ina zaune ana gasa ni, wata mata ta yi sallama riƙe da hannun ɗanta, yaro har yana gudu da ƙafarsa. Ta ce ta ji labarin Inna, a taimaka a ja masa hanci. Inna ta latsa hancin yaron sau ɗaya ta girgiza kai.

"'Yar nan, kin makara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bayan arba'in hanci ya kama kansa, ko za ki shekara kina gashi wahalar banza ce."

Matar ta dubi Inna, ta dubi gemuna da tsumman da ke kan fuskata, ta ja ɗanta ta fita. Matata da ke tankaɗe a gefe ta yi ƙarfin hali.

"Inna, to shi Malam fa? Ai na ga kamar ya ɗan wuce arba'in."

"Ke rufe mini baki. Ɗan wani ne ke bushewa. Wanda ka haifa ba ya bushewa a hannunka."

Na so in yi dariya, na kasa. Na tabbata har zuciyarta haka ta yarda, kuma na san da bakina ba zan iya ce mata hannunta ya gaza ba. Na fara lallashin kaina cewa bin doki ma sana'a ce.

Abin da bakina ya kasa, garwashi ya yi. Wata safiya muna cikin gashi, matata ta tafi rijiya a bayan gida. Idon Inna ya fara rauni a lokacin, kuma in tana aiki ba ta ganin komai sai hanci. Hancinta kuwa ya daɗe da sabawa da hayaƙin garwashi da warin haɗinta. Ashe gefen zanenta ya faɗa cikin kasko yana ci a hankali. Kaina na kan gwiwarta, hancina bai fi taki ɗaya daga wurin ba, idona a rufe saboda tsumma. Sai muka ji an yar da guga, matata ta shigo a guje tana ihun wuta, ta sheƙa wa Inna ruwan tulu gaba ɗaya. Daga bakin rijiya ta jiyo ƙaurin.

Wutar ta ci zanen har ta lashi ƙwaurin Inna. Ta zauna jiƙe sharkaf tana kallon ramin da ke jikin zanen. Can ta juyo gare ni.

"Auta, tsakaninka da Allah, ba ka ji ba?"

"Wallahi Inna ban ji komai ba."

Ta saki bakin zanen, ta ce:

"Hancin da bai ji uwarsa na ƙonewa ba, ai ba hanci ba ne, ado ne. Yaushe motar Zariya ke tashi?"

Ta ce ƙafarta ƙafata. Muka shiga motar kasuwa a kan buhunan barkono, kowa na atishawa ban da ni. Inna ba ta taɓa zuwa Zariya ba, amma ba ta kalli ganuwa ko dogayen gidaje ba, hancin mutane take bi da kallo tana yanke wa iyayensu mata hukunci.

Likitan Bature ne, dogo, da hancin da ke riga shi shiga ɗaki. Inna ta zungure ni, ta yi raɗar da har na waje suka ji.

"Uwar wannan ba ta san lokacin dainawa ba."

Wani malamin jinya da ke yi mana tafinta ya danne dariyarsa. Likita ya matso ya duba ni, ya ja da baya, ya je ya buɗe taga, sannan ya dawo ya ci gaba. Ya tambayi abin da ake shafa mini. Inna ta gyara zama ta yi masa bayanin gashi daki-daki, har da nuna kamun yatsa a hancin tafinta. Ya saurara har ta gama. Ya ce ɗumi na saukar da kumburi, wannan ta yi daidai, amma tsumma a fata yake tsayawa, ba ya kai wa ga ƙashin da ya riga ya kama.

Sannan ya ce in faɗa masa abin da nake so. In karkatar ce ta dame ni, gara in koma gida in zauna da abina, don ba kowane hanci ne ya cancanci wuƙa ba, kuma mutane da yawa sun tsufa da karkataccen hanci lafiya lau. In kuwa iska nake so, dole ya shiga ciki ya yanke guringuntsin da ya lanƙwashe. Sai dai wannan guringuntsin shi ne dirkar da ke riƙe da hancin. Nawa ya farfashe da yawa, in ya cire, zai yi ƙoƙari, amma hancin na iya zaunawa ya baje. Tsawon nan ba lalle ya dawo ba.

Na dubi Inna. Shekara nawa tana kiran baƙi su ga wannan tsawon.

"Tambaye shi," ta ce wa tafinta, "zai ji ƙamshi?"

Likita ya ce yana sa rai.

"Zai ji ƙauri?"

Ya ce in ya ji ɗaya zai ji ɗayan.

"Zai tashi daga barcin?"

Ya ce saurayi ne mai ƙarfi, da yardar Allah zai tashi.

"To a yanka. Tsawon na yafe."

Ranar aiki aka ɗora mini wani abu a fuska aka ce in shaƙa. Na so in gaya musu ai abin da ya kawo ni ke nan, ba na iya shaƙa, amma kafin in haɗa maganar na tafi. Na farka da fuska a naɗe, hanci cushe da bandeji, Inna na zaune a ƙasa gefen gado da carbi, ta ƙi hawa kujera. Ranar da aka zo cire bandejin ciki, malamin jinya ya kama bakin bandejin ya yi ta ja, yana fitowa yana fitowa, na rantse ya isa a naɗa wa dagaci rawani. Ban san kaina na da wannan faɗin ba. Iska ta shiga ta hancina har tsakiyar ƙwaƙwalwa, sanyi kamar ruwan randa. Amma ƙamshi shiru. Likita ya ce in yi haƙuri sai kumburi ya sauka. Na kwanta ina tunanin raken tsallaken rafi, da mutumin Kudan, da bayan doki.

Ana gobe za a sallame mu, Inna ta leƙa ta ga ba ma'aikaci a kusa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan kwanon nan mai murfi. Ashe har Zariya ta zo da shi.

"Bature ya yi nasa, bari in ɗora nawa."

Ta buɗe murfin. Wani abu ya doke ni da ban taɓa jin irinsa ba, kamar akuya ta mutu a cikin tulun daddawa. Na zabura na kusa faɗowa daga gado, marar lafiyan da ke kusa da ni ya ja bargo ya rufe kai.

"Inna! Mene ne ya mutu a nan?"

Ta tsaya da kwanon a hannu.

"Ka ji?"

"Na ji, don Allah rufe!"

Ba ta rufe ba. Ta ƙara matso da shi hancina ta sake tambaya, na sake rantsuwa ina toshe hanci, sai ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya hawaye na zuba. Ni ma na yi kuka, rabi don murna rabi don wari. A nan na gane girman da aka yi ta ba ni a masallaci, da tagar da likita ya buɗe. Da muka koma gida na tambayi matata me ya hana ta gaya mini. Ta ce, "Malam, na ga kai ba ka ji, sai na ce to mu raba, kai da ciwo ni da wari." Murarta ta warke a ranar.

Hancin kuwa ya zauna, kamar yadda aka faɗa. Ya dawo tsakiya, amma da kumburi ya gama sauka sai ga ɗan tudu da ƙofofi biyu. Kawu ya gan ni ya riƙe ciki, ya ce sannu da zuwa gida, yau ka zama ɗan dangi. An fara sare raken tsallaken rafi, mutumin Kudan har ya zo ya shimfiɗa tabarmarsa. Kawu ya ce in hau kasko ɗaya a gani. Na tsaya ina juyawa, na ji ɗanyen rake, na ji hayaƙin tuƙa, na ji zufar dokin nan da ban yafe masa ba. Sai ga shi ya taso, ɗan ƙamshin nan da ba ya daɗewa. Na ce a janye wuta. Mazarƙwailar ta daskare jawur, Kawu ya ɓantara ya tauna, ya je ya taya mutumin Kudan naɗe tabarma.

Inna ce ta yi asara. Labari ya zaga cewa hancin ɗan ungozoma ya koma irin na gidansu, wasu suka ce dama aro ne. Tsofaffin da ke zuwa koyon kamun yatsa suka ragu, waɗanda suka zo ma ba ta ƙara kirana in gaishe su ba. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, amma ina ganin kaskon garwashinta na kwana biyu ba a hura shi ba, abin yana ci mini rai.

Wata ranar Juma'a na dawo daga masallaci, inda yanzu ake matse ni a sahu kamar kowa, na tarar da baƙi biyu daga wajen Ikara. Ɗayarsu irin matan nan ne da ba sa barin magana ta kwana. Na ji tana cewa, "Ina ɗan naki mai hanci da ake faɗa? Ko shi ne aka ce Bature ya rage?"

Na yi niyyar sulalewa ɗaki. Sai na ji muryar Inna.

"Auta! Zo ka gaida baƙi."

Na zo na durƙusa na gaishe su.

"Tashi. Juya gefe."

Na juya, kunya kamar in nutse. Sai na ji ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta ɗingiso da ƙafarta mai tabon wuta, ta zo ta tsaya a gabana, ita ma ta juya gefe. Hanci biyu a jere, ba wanda ya fi wani.

"Ku duba da kyau," in ji Inna. "Wancan na da, ja na yi. Wannan kuwa haifa na yi. Yau shekara nawa ana ce mini ɗan Fillani na tsinta a kasuwa, to a zo a faɗa yanzu."

Matata ta leƙo daga madafa, da tsokana a bakinta.

"Inna, in hura garwashi a ɗan ja masa?"

Inna ta ɗago hannu ta shafa hancin nawa da yatsun nan biyu, a hankali, ba ta ja ba.

"Kada wanda ya taɓa mini shi," ta ce.